Tambayi Likita: Zafin Attarugu, Ƙarar Injin Markaɗe da Ƙafar da Ta Daina Jin Ciwo

Assalamu alaikum masu karatu. Da na baje wasiƙun wannan wata a kan tebur, sai na ga shida daga ciki hanya ɗaya suka bi, ko da yake masu su ba su san juna ba. Wannan na kukan harshe, waccan na kukan hanci, wani kunne, wani ƙafa. Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya a kan hawan jini su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Akwai abin da nake fara tuna wa ɗalibaina duk ranar da muka shiga wannan darasi. Littattafan makaranta suna lissafa kafofin sani guda biyar, amma Bahaushe biyu ya raba su: gani da ji. Ka ji magana, ka ji ƙamshi, ka ji ɗaci, ka ji sanyi, ka ji ciwo, har jiri ma ji ake yi. Na daɗe ina ganin wannan rabo ya fi kusa da yadda jiki yake aiki, domin duk waɗannan abubuwa da yare ɗaya suke isa ƙwaƙwalwa. Bari mu shiga tambayoyin, za ku ga abin da nake nufi.

Likita, maigidana ba ya cin abinci sai da attarugu da yaji. Yana ci yana zufa, hanci na zuba, yana kwankwaɗar ruwan sanyi amma zafin ba ya tafiya. Shin barkono ƙona baki yake yi da gaske? Ina tsoron kada ya ba shi gyambon ciki. Daga wata matar aure, Gwammaja.

Hajiya, kwantar da hankalinki, bakin maigida bai ƙone ba. Ruɗarsa aka yi, kuma ruɗin yana da ban sha'awa.

Ki ɗauki jikin mutum kamar masarauta. A fata, da harshe, da hanci, da ido, da kunne, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu ɗaya ne, sa ido da kai rahoto, kamar masu unguwa. Kowanne da abin da aka ɗora masa. Wani zafi yake gadi, wani sanyi, wani taɓawa, wani haske. Idan abin da yake gadi ya zo, sai ya mai da shi ɗan siginar lantarki ya tura ta jijiya. A nan sai na ɗan tsaya, domin mu da Hausa hanyar jini jijiya ce, agarar ƙafa ma wasu jijiya suke ce mata. Wadda nake nufi ita ce farar igiyar nan mai kai saƙo, wadda ba jini a cikinta. Saƙon jiki yakan bi ta laka, wato hakimi, kafin ya isa fada, wato ƙwaƙwalwa. Wani lokaci hakimi ba ya ma jiran fada: idan kika taɓa murfin tukunya mai zafi, hannunki ya riga ya janye kafin ki ce wash, laka ce ta yanke hukunci.

To abin lura shi ne, duk saƙonnin nan kamarsu ɗaya. Siginar da ke fitowa daga ido ba ta da launi, wadda ke fitowa daga harshe ba ta da zaƙi. Ƙwaƙwalwa tana gane ma'anar saƙo ne ta hanyar da ya biyo. Duk abin da ya shigo ta jijiyar ido, haske za ta kira shi, shi ya sa wanda ya sha mari mai kyau yake ganin wuta ko da a cikin duhu. Duk abin da ya shigo ta jijiyar zafi kuwa, ƙuna za ta ce.

A cikin barkono akwai wani sinadari mai suna kafsaisin. Shi kuma mai gadin zafi yana da wata 'yar ƙofa a jikinsa da ba ta buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, daidai inda shayi yake fara cutar da leɓe. Kafsaisin yana da makullin wannan ƙofa. Yana buɗe ta ba tare da wani zafi ba, rahoto ya tafi fada cewa gobara ta tashi a baki, fada kuwa ta ba da umarnin kashe wuta: zufa ta karyo, hanci ya zuba, ido ya kawo ruwa. Wani masani Ba'amurke, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma da barkono suka yi binciken. A 2021 ya sami kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian, wanda ya gano makamanciyarta mai jin taɓawa da matsi. Sanyin da kike ji idan kin shafa man zafi mai mantol ko kin tauna na'a-na'a, wannan dabara ce aka yi wa mai gadin sanyi.

Ruwa ba ya raba shi da zafin ne saboda kafsaisin ɗan gidan maiƙo ne, ba ya narkewa a ruwa, sai dai ruwan ya ƙara yaɗa shi a baki. Ki ajiye masa nono ko madara, su ne suke wanke shi. Batun gyambon ciki kuwa, abin da ya fi kawo shi wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Barkono yana iya tayar wa mai gyambo da ciwonsa, amma ba shi ne ke haƙa ramin ba. Idan maigida ba ya kukan ciki, ki bar shi da yajinsa.

Likita, ni amarya ce. Na sayi turaren wuta da humra masu tsada, kwana biyun farko gidan ya ɗauka, yanzu ko na turara ba na jin komai. Baƙi kuma suna shigowa suna yaba ƙamshin. Mai turaren ce ta cuce ni, ko hancina ne ya sami matsala? Daga wata amarya, Hotoro.

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Kada ki je ki yi rigima da baiwar Allah, turarenta na nan da ƙarfinsa. Shaidarki ita ce baƙin.

Ina yaro akan aike ni wajen wani ƙanin kakana da ke aikin jima a wajen Ƙofar Wambai. Tun daga nesa nake toshe hanci da bakin riga, warin ɗanyar fata da ruwan bagaruwa da toka ya cika ko'ina. Shi kuwa tsohon yana zaune a gefen rami yana shan furarsa hankali kwance. Na ɗauka jarumta ce. Sai wata rana ya tsare ni da hira, muka kai wajen rabin sa'a, na farga ni ma na saki rigar tuntuni.

Masu gadin jiki labarin sabon abu suke so. Idan abu ya zo ya zauna bai canja ba, sai su rage kai rahoto, ita ma ƙwaƙwalwa ta daina sauraro. Shi ya sa ba kya jin zoben da ke yatsarki ko ɗankwalin da ke kanki sai wani ya tuna miki. Hanci yana cikin waɗanda suka fi saurin sabawa, cikin 'yan mintoci yake yi. Ki je gidanku ki wuni, ki dawo da yamma, za ki ji ƙamshin tun daga ƙofar falo. Kuma ki riƙa sauya turaren, yau wannan gobe wancan. Abin da ba na so shi ne ki riƙa ƙara zuba shi a kasko kina rufe tagogi don ki ji, hayaƙin ba abokin ƙirji ba ne, balle idan akwai mai asma a gidan.

Wannan sabo yana da haɗarinsa, kuma tunda girki kike yi yanzu gara ki sani. Gas ɗin girki shi kansa ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa don a ji idan yana zurara. Idan kika ji warin, sannan bayan ɗan lokaci kika daina ji, ba tsayawa ya yi ba, hancinki ne ya saba. Ki rufe tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki kunna ko ki kashe makunnin lantarki. Gawayi da janareta kuma suna fitar da wata iska mai kisa wadda ba ta da wari ko kaɗan, babu mai gadinta a hanci. Kada a kwana da su a rufaffen ɗaki, komai sanyin hunturu.

Me ya sa idan ina mura abinci yake zama salam, ko miyar kuka da ta sha daddawa? Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

Alhaji, masu iya magana sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma sun yi gaskiya, amma a kan gishiri da 'yan uwansa huɗu kaɗai. Abin da harshe ya sani biyar ne: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da wani garɗi irin na nama da daddawa da dunƙulen magi, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya bayyana a 1908 ya sa masa suna umami. Duk sauran, abin da ya raba miyar kuka da ta kuɓewa, ya raba zoɓo da tsamiya, aikin hanci ne. Kana tauna, ƙamshin yana hawa ta bayan maƙogwaro zuwa rufin hanci, inda muke da masu gadin wari iri wajen 400. Mura ta kumbura hanyar, majina ta rufe, sai a bar harshe shi kaɗai da 'yan biyar ɗinsa. Idan ta warke zai dawo. Idan wata guda ya wuce ba ka jin wari alhali hanci a buɗe yake, kamar yadda ya faru da mutane da yawa lokacin korona, ka zo a duba ka.

Likita, shekarata tara ina aikin injin markaɗe. Da can idan na tashi aiki kunnena yakan yi ƙara zuwa dare ya daina. Yanzu ba ya dainawa, kamar kukan gyare. Matata tana cewa ina ƙure rediyo, kuma a taron biki ba na gane maganar mutane. Akwai maganin ɗigawa? Daga wani mai inji, Kasuwar Rimi.

Malam, zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Maganin ɗigawa iyakarsa dodon kunne, ciwonka kuwa yana can ciki inda ɗigo ba ya kaiwa.

Sauti girgizar iska ne. Yana bugun dodon kunne, dodon kunne ya miƙa wa wasu ƙasusuwa uku da suka fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jiki, su kuma su tura shi cikin wata 'yar aba mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi a ka, wajen 16,000 a kowane kunne. Ruwan ya motsa, gashin ya kwanta ya tashi, sai sigina ta tafi. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda iskar damina take kwantar da gero. Da farko sukan miƙe kafin safiya, wannan ita ce ƙarar da kake ji da can tana dainawa. Idan aka yi ta maimaitawa sai su karye, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masu jin siririn sauti su ne suke fara tafiya, da su ake rarrabe sautin 'sa' da 'sha' da 'fa', shi ya sa kake jin muryar mutane amma kalmomin suna cakuɗewa. Kukan gyaren kuwa, ƙwaƙwalwa ce ta rasa rahoto daga wannan unguwa, sai ta ƙure nata rediyon tana jin shuu.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Daga 85, awa takwas ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ba sai ka sayi na'ura ba: idan sai ka ɗaga murya kafin mai kawo markaɗe da ke tsaye gabanka ta ji ka, kun wuce iyaka.

Abin da ya rage shi za mu tsare. Ka nemi abin toshe kunne na roba ko na soso irin na ma'aikatan masana'anta, ba shi da tsada. Auduga ba ta tare wani abin kirki. Yaron da ke taya ka, shi ma ka saya masa, nasa kunnen bai riga ya lalace ba. Ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a yi maka gwajin ji, domin na'urar ƙara ji tana taimaka wa irinku. Kuma duk mai shirin yi maka allurar jentamaisin, ka gaya masa kana da matsalar kunne, tana cikin magungunan da ke kashe waɗannan ƙwayoyi.

Idan aka ɗauke wuta da dare ba na ganin komai, sai can a hankali na fara gane kayan ɗaki. Amma ƙanina ɗan shekara 4 da magariba ta yi sai ya riƙa karo da bango, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Abu ɗaya ne? Daga wani ɗalibi, Kurna.

Ɗana, naka lafiya ne, na ƙaninka kuwa a kai shi asibiti cikin makon nan.

A bangon bayan ido akwai masu gadin haske iri biyu. Na rana wajen miliyan 6 ne, su suke ganin launi da ƙananan rubutu, amma sai da haske sosai. Na dare sun ninka su sau da yawa, ba su san launi ba, shi ya sa a duhu jar hula da shuɗiya duk ɗaya. Na daren suna aiki da wani sinadari da haske yake cinyewa. Idan wuta ta ɗauke sai sun sake haɗa shi, kuma kafin su gama akan ɗauki minti 20 zuwa 30. Kana duba waya, ka mai da aikin baya. Ga wani abu ka gwada a tsakar gida: tauraro maras haske, idan ka kalle shi kai tsaye sai ya ɓace, ka ɗan kauda ido gefe sai ya fito, saboda tsakiyar ido babu na dare a wurin.

Da bitamin A ake haɗa wannan sinadari. Idan ya yi ƙaranci sai dundumi, kuma ƙyanda ta shahara wajen ƙarar da shi a jikin yaro. Dundumi gargaɗi ne na farko, idan aka yi sakaci baƙin idon yakan bushe ya yi gyambo, daga nan sai makanta. Maganin ɗigon bitamin A ne a baki, irin wanda ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5. A gida kuma a ba shi hanta, ƙwai, manja, karas, kabewa, zogale da mangwaro. Kada a ɗiga masa komai a ido da sunan maganin gida.

Likita, mahaifinmu yana da ciwon suga shekara goma sha ɗaya. Da hunturun nan ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, har ta yi bororo bai sani ba, sai da muka gani da safe. Ya ce ba ya jin zafi ko kaɗan, mutanen gida suna cewa alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wani magidanci, Yakasai.

Malam, hankalinka ya fi nasu gaskiya. Da Baba yana ihu da wannan ƙafa, da na fi samun natsuwa.

Ciwo shi ne mai gadin da ba ya sabawa da sauƙi kamar hanci, kuma rahama ce da aka yi shi haka. Kowa ya san ƙafa ta yi masa minjirya bayan dogon zama a kan tabarma: nauyin jiki ya danne jijiya, saƙo ya yanke, ka tashi kamar ba ƙafarka ba, sannan ta dawo da tsira-tsira kamar ana soka allura. Wanda ya ara wa wannan abu sunan kifin nan mai jan lantarki ya san abin da yake faɗa. Wannan mintoci ne ya wuce. Suga idan ya daɗe yana sama, yana lalata jijiyoyin ne da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kuma yana farawa da waɗanda suka fi tsawo, masu tafiya daga ƙugu har yatsun ƙafa, wajen mita guda. Shi ya sa daga tafin ƙafa yake somawa ya yi sama kamar ana sa safa. Wasu sukan ce kamar a kan auduga suke tafiya, wasu silifas ya cire ba su sani ba. Wuta ta ci naman Baba kamar yadda za ta ci na kowa, mai kai rahoton ne ba ya nan.

Haka kuturta take yi. Mutane suna zaton cutar ce take gutsure yatsu, alhali yawanci ƙuna ce da yanka da ƙaya, a hannun da ba ya jin ciwo, ana ta aiki da shi gyambo na ci har ƙashi. Na ga dattijon da aka kawo mana da ƙusar takalmi a tafin ƙafa, ya yi kwanaki yana zuwa masallaci da ita, wari ne ya tona.

Ku kai Baba asibiti yau, ba gobe ba, ko da bororon bai fi kwabo ba. Kada a fasa shi, kada a shafa man goge baki, ko toka, ko ɗanyen ƙwai. A rufe da tsumma mai tsabta, kuma kada ya taka ƙafar. Idan kun ga kumburi, ko wurin ya yi baƙi, ko wari, ko zazzaɓi, ko da tsakar dare ne ku tafi.

Bayan ya warke, idonku ne zai zama mai gadin ƙafarsa. A sa mutum ɗaya a gidan ya riƙa duba ƙafafun kullum, har tsakanin yatsu da diddige, lokacin alwalar isha ya fi sauƙin tunawa. A tsane tsakanin yatsun bayan alwala, a shafa mai a kan kaushi amma ban da tsakanin yatsu. Ruwan wanka, wani ya fara gwada shi da gwiwar hannu. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, balle a kan siminti ko dandamalin masallaci da rana a watan Afrilu. A zazzage takalmi kafin ya sa. Mai yankan farce na yawo kada ya kusance shi da aska. Idan sanyi ya dame shi a ba shi safa da bargo, kaskon kuma a fitar da shi daga ɗakin. Ku tafi da katinsa da duk magungunan da yake sha, a sake duba yadda sugan yake tafiya.